Kurkum a Bokitin Tsohon Doki: Nazarin Al'adar Ba Dawaki Kwaɓin Gangamau a Ostareliya da Ingila

A cikin shekarun 2010 wata al'ada ta bazu tsakanin masu dawaki a Ostareliya da Ingila, daga can kuma ta tsallaka Amurka da wasu ƙasashen Turai. Ana dafa garin kurkum, wato gangamau, da ruwa da mai da masoro, a riƙa ɗiban cokali ɗaya ko biyu ana cuɗawa cikin abincin doki safe da yamma. Wanda aka fi danganta yaɗuwar wannan haɗi da shi wani likitan dabbobi ne ɗan Ostareliya mai suna Doug English, wanda ya daɗe yana kwaɗaitar da masu dabbobi su riƙa ba karnukansu da dawakinsu. Masu yin sa sun laƙaba masa suna golden paste saboda launinsa na zinariya, kuma cikin ɗan lokaci kamfanonin abincin dawaki suka shiga sayar da shi a robobi da buhuna, wani a matsayin gari, wani a dunƙule kamar ƙwayar hatsi.

Yadda ake haɗa shi ba shi da wuya, kuma sauƙin nan yana cikin abin da ya sa ya karɓu. Ana zuba rabin kofi na garin kurkum, kimanin gram 60, a tukunya tare da kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a kan wuta mara ƙarfi ana juyawa na minti 7 zuwa 10 har ya yi kauri, idan ya nemi ƙamewa a ƙara ruwa. Bayan an sauke ya ɗan huce, sai a zuba kimanin mililita 70 na man kwakwa ko man zaitun, da ƙaramin cokali biyu zuwa uku na masoro sabon niƙa. Kwaɓin yakan fito ruwan zinariya yana sheƙi, yana rina cokali da yatsu da gindin bokiti, farin doki kuma da ya ci za a ga leɓɓansa da gashin haɓarsa sun koma ruwan ɗorawa. Yakan yi mako biyu a firji bai lalace ba. Masu dawaki da yawa ma ba sa dafawa, suna barbaɗa garin ne a kan jiƙaƙƙen abinci su tsiyaya mai su niƙa masoro a kai.

Dokin da ake yi wa wannan hidima

Domin a fahimci lamarin, dole ne a san irin dokin da aka fi ba wannan haɗi. Galibi ba dokin sukuwa ba ne mai ƙuruciya. Tsohon dokin hawa ne na shaƙatawa, ɗan shekara 18 ko 20 ko fiye, mai nauyin kusan kilo 500, wanda ya yi shekaru a hannun mutum ɗaya har ya zama tamkar ɗan gida. Dawaki a waɗannan ƙasashe suna daɗewa a duniya saboda kulawa, tsufa kuwa yana zuwa da amosanin gaɓɓai, inda guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi yake zaizayewa a hankali, gaɓa ta kumbura ta sandare. Wannan ciwo shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa doki ɗingishi, kuma yana yawan kama ƙananan gaɓoɓin da ke tsakiyar ƙafar baya. Mai doki yakan fara lura da shi da safe, lokacin da dokin ya fito daga barga yana taku gajere-gajere, yana jan bakin kofaton baya a ƙasa, sai ya yi tafiyar minti goma kafin jikinsa ya saki.

Maganin da likitoci suka saba bayarwa shi ne fenilbutazon, wanda masu dawaki ke kira bute, yawanci fakiti ɗaya na gram 1 sau ɗaya ko sau biyu a rana. Yana da araha, yana kuma kashe zafi sosai. Sai dai an san cewa idan aka wuce ƙima, ko aka ba dokin da ba ya shan isasshen ruwa, yana iya jawo gyambon ciki, ya ji wa babban hanji rauni, ya taɓa ƙoda. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba ƙirƙira ba, kuma shi ne ƙofar da kurkum ya shigo ta cikinta. Mutumin da aka ce masa dokinsa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, sannan ya ji cewa akwai wani garin saiwa da mutanen Indiya suka yi dubban shekaru suna ci a miya, ba abin mamaki ba ne ya karkata gare shi. Ban ga laifin wannan niyya ba ko kaɗan, domin daga tausayi ta fito. Abin dubawa shi ne ko cokalin da ake zubawa yana yin aikin da ake fata.

Kurkum dangin citta ne, kuma Indiya ce ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na wanda duniya ke amfani da shi. Sinadarin da ake cewa shi ke aikin magani a cikinsa, mai suna kurkumin (curcumin), ɗan kaɗan ne a cikin garin: yawanci tsakanin kashi 2 zuwa 5 cikin 100, gwargwadon iri da ƙasar da aka shuka shi. A ɗakin gwaji wannan sinadari yana da abin nunawa. A shekarar 2009 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun yanko guringuntsin doki suka sa a kwanon gwaji, suka zuba masa sinadarin jiki mai tayar da kumburi, sannan suka ƙara kurkumin, sai suka ga zaizayewar guringuntsin ta ragu. Aikin da suka ci gaba da yi ya kuma nuna cewa idan kurkumin ya yi yawa yana kashe ƙwayoyin guringuntsin kansu. Irin wannan sakamako ne masu tallar kurkum suka fi ambatawa, kuma gaskiya ne a inda aka same shi. Amma a kwanon gwaji sinadarin yana kwance ne kai tsaye a kan guringuntsi, alhali a jikin doki sai ya bi ta baki da tumbi da hanji da hanta da jini kafin ya isa gaɓa, kuma a wannan doguwar hanya ce yawancinsa yake salwanta.

Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa da kyau, ɗan abin da ya samu shiga kuma bangon hanji da hanta suna gaggauta sauya masa kama su fitar da shi. Wannan ne dalilin mai da masoro a cikin kwaɓin. Man yana taimakawa wajen narkar da shi, masoro kuma yana ɗauke da sinadarin piperin, wanda ke rage wa hanta saurin kawar da baƙin abubuwa. Hujjar da ake kafawa da ita ta fito ne daga wani bincike da aka yi a birnin Bangalore na Indiya aka wallafa a 1998, inda aka ba mutane gram 2 na kurkumin tare da miligram 20 na piperin, aka ga abin da ya shiga jini ya ninka kusan sau 20. Akwai abubuwa biyu a cikin wannan bincike da ba a cika faɗa ba. Na farko, idan babu piperin kurkumin da ake samu a jini kusan ba ya aunuwa, don haka ninka shi sau 20 bai mai da shi mai yawa ba. Na biyu, da aka yi gwajin a kan ɓeraye ƙarin bai kai ko kusa da haka ba, kimanin kashi 154 cikin 100 ne kawai. Tunda ɓera da mutum sun bambanta haka, babu hujjar ɗaukar lissafin mutum a ɗora wa doki, dabbar da ba ta da madaciya, wadda kuma yawancin narkar da abincinta yake faruwa a can ƙarshen hanji ta hanyar ƙananan halittun da ke zaune a wurin.

Lissafin cokali

A ganina a nan ne lamarin ya fi bayyana, kuma kowa yana iya yin lissafin da kansa. A ce mai doki yana zuba gram 10 na garin kurkum a rana, wato babban cokali ɗaya da ɗan tozo. Idan garin yana da kurkumin kashi 3 cikin 100, to dokin ya samu miligram 300. A raba wannan da kilo 500, sai a ga kowane kilo na jikinsa ya samu miligram 0.6. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane masu ciwon gwiwa, waɗanda wasunsu suka nuna ɗan sauƙi, yawanci sun yi amfani da miligram 1,000 zuwa 1,500 na tataccen sinadarin a rana, abin da ya kama miligram 14 zuwa 21 ga kowane kilo na mutum mai nauyin kilo 70. Ke nan dokin yana samun ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na abin da aka gwada a kan mutum.

Za a iya cewa manyan dabbobi ba sa buƙatar magani daidai da ninkin nauyinsu, domin jikinsu yana sarrafa abubuwa a hankali, kuma wannan magana ce mai tushe. Ko da an bi ƙa'idar da masana magunguna ke bi wajen wannan gyara, miligram 1,000 na mutum zai koma kimanin gram 4 da rabi ga doki mai kilo 500, wanda samun sa daga gari yana buƙatar kusan gram 150 a kullum. Wannan ya fi ƙarfin cokali, kofi ɗaya ne da wani abu, kuma da wuya doki ya yarda ya ci abincin da aka cika wa ɗaci haka. Idan kuma kwaɓi ake bayarwa maimakon busasshen gari, gibin ya ƙara faɗi, tunda yawancin abin da ke cikin cokalin ruwa ne da mai. Cokalin kurkum a cikin doki ya yi kama da ɗan gishirin da aka barbaɗa a randar ruwa, yana ciki ba shakka, amma harshe ba zai ji shi ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawaki masu rai ƙanana ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kudancin Illinois ta Amurka sun wallafa sakamakon gwaji a kan dawakin hawa 12, inda aka ba rabinsu gram 15 na kurkumin mai tsarkin kashi 95 cikin 100 kullum har kwana 30. Wannan adadi ya yi daidai da kusan rabin kilo na garin kasuwa a rana. Duk da haka yawan ƙwan tsutsar ciki a kashin dawakin bai ragu ba, abin da aka gani kawai shi ne wani ma'aunin kumburi a jini ya sauka a rana ta 14. A farkon shekarun 2020 kuma Jami'ar Jihar Louisiana ta ba dawakin sukuwa 12 wasu haɗe-haɗe masu ɗauke da kurkum na kwana 28 tana leƙa tumbinsu da na'ura, aka tarar gyambon cikinsu bai ƙaru ba. Wannan labari ne mai daɗi ga mai tsoron kurkum zai ƙona wa dokinsa ciki, amma tambayar da gwajin ya amsa ita ce ko yana cutarwa, ba ko yana warkar da gaɓa ba. A ɓangaren mutane ma, wani dogon bita da masana harhaɗa magunguna suka wallafa a 2017 ya duba gwaje-gwaje fiye da 120, ya kuma yi gargaɗin cewa kurkumin yana cikin sinadaran da ke yaudarar na'urorin ɗakin gwaji, ya nuna kamar yana aiki a kan kusan kowace cuta.

To me masu dawaki suke gani?

Ba daidai ba ne a ce dubban mutanen da suka shaida cewa dawakinsu sun samu sauƙi ƙarya suke yi. Sun ga wani abu, kuma abin da suka gani yana da dalilai da aka sani. Amosanin gaɓɓai ciwo ne mai tashi da kwanciya. Yana tsananta da hunturu, lokacin da dawakin Ingila suke wuni a tsaye cikin barga saboda ruwa da taɓo, yana kuma lafawa idan gari ya yi ɗumi aka sake su a makiyaya suna yawo, domin motsi shi ne babban abokin gaɓa mai ciwo. Mutum kuwa yakan nemi sabon magani ne a lokacin da ciwo ya kai maƙura, don haka duk abin da ya fara bayarwa a watan Fabrairu zai sha yabo a watan Mayu. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da waɗannan ƙananan gaɓoɓi na ƙafar baya: a wasu dawakin, bayan watanni ko shekaru, ƙasusuwan sukan manne da juna su daina gogayya, zafin ya ragu da kansa.

Sheƙin gashi, wanda kusan kowa yake fara ambatawa, aikin mai ne. An daɗe da sanin cewa ƙara wa doki mai a abinci yana gyara masa fata, da kurkum ko babu. Ƙaiƙayin wuya da gindin wutsiya da ke damun dawakin can yana zuwa ne daga cizon wasu ƙananan ƙwari, yana kuma gushewa idan sanyi ya kore su. Haka zancen yake game da ƙarin fata da ake kira sakoyid, wanda ya fi kowane ƙari yawa a jikin dawaki, wanda kuma ake dangantawa da wata ƙwayar cuta ta shanu. Mutane da yawa suna shafa masa kwaɓin kurkum ko su ba doki ya ci, idan ya faɗi su ce kurkum ne. Amma wani bincike da aka yi a Switzerland, inda aka bi matasan dawaki na tsawon shekaru, ya nuna cewa a cikin da yawa daga cikinsu ƙarin yana ɓacewa ba tare da an yi masa komai ba.

Sai kuma idon mai dabba, wanda shi ne ya fi wuyar karɓa. A 2012 an wallafa wani bincike daga Jami'ar Minnesota a kan karnuka masu amosanin gaɓɓai waɗanda aka ba maganin bogi, ba tare da masu su ko likitocin da ke duba su sun sani ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambaya, masu karnukan sun ce an samu sauƙi, likitocin ma sun faɗi haka a fiye da kashi 40. Amma farantin da ke auna nauyin da kare yake ɗorawa a kan kowace ƙafa bai nuna wani canji ba. Dabbar tana nan da ciwonta, mutanen da ke ƙaunarta ne suka ga abin da zuciyarsu take so. Idan ƙwararren likita yana iya faɗawa cikin wannan, to mai dokin da ya tsaya da kansa ya dafa kwaɓi ya fi kusa da faɗawa.

Inda haɗarin yake

A ƙaramin adadin da aka saba bayarwa, tsabtataccen kurkum ba a san shi da cutar da lafiyayyen doki ba, in ban da sakin ciki ga wanda aka fara masa da yawa. Kalmar tsabtatacce ce take da nauyi a nan. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford tare da abokan aikinsu a Bangaladash sun gano cewa a gundumomi 7 cikin 9 da suka fi noman kurkum a ƙasar, masu goge saiwar suna zuba mata wani rini mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da dalma don ta yi kyau a idon mai saye. Hukumomin ƙasar sun ɗauki mataki daga baya abin ya ragu ƙwarai, amma an sha janye garin kurkum daga kasuwannin Amurka saboda dalma. Masu dawaki kuwa su ne suka fi sayen gari mai araha a manyan buhuna, suna kuma bayar da shi kullum na tsawon shekaru. Dalma tana taruwa a jiki, a doki kuma tana kashe jijiyoyin maƙogwaro, ya riƙa gurnani wajen numfashi, abinci ya riƙa sarƙe shi.

Masoro ma ba ado ba ne. Hanyar da yake bi ya taimaki kurkumin ita ce rage wa hanta da hanji aikin kawar da sinadarai, kuma wannan aiki bai san bambanci tsakanin kurkumin da sauran magunguna ba, don haka dokin da ke shan wani magani ya kamata likitansa ya san ana ba shi wannan haɗi. A ɓangaren mutane, a 2019 hukumomin Italiya sun samu rahoton fiye da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkum, wata cibiyar bincike a Amurka ta ba da bayanin mutum 10 waɗanda ɗaya daga cikinsu ya rasu, hukumar magunguna ta Ostareliya kuma ta fitar da gargaɗi a watan Agustan 2023. Yawancin waɗannan sun shafi tatattun haɗe-haɗe ne da aka ƙara wa ƙarfin shiga jini, ba garin miya ba. Darasin da ke ciki ga masu dawaki shi ne duk lokacin da aka yi nasarar sa kurkumin ya shiga jini da yawa, to ya tashi daga kayan ƙanshi ya koma magani, da amfaninsa da illarsa. Kurkumin yana kuma iya rage daskarewar jini, shi ya sa ake dakatar da shi kafin a yi wa doki tiyata ko dandaƙa.

Masu shiga gasa suna da nasu abin lura, domin haɗe-haɗen da ake sayarwa ba kurkum kaɗai ke cikinsu ba. Wasu suna ɗauke da wata saiwa ta kudancin Afirka mai kashe zafi, wadda hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sa sinadarinta cikin jerin abubuwan da ba a yarda a same su a jikin doki ranar gasa ba tun daga Janairun 2016. Wasu kuma ana ƙara musu barkono, alhali sinadarin barkono ne ya sa aka dakatar da dawakin tsalle huɗu a gasar Olamfik ta 2008, har ƙasar Norway ta rasa lambar tagullar da ta ci.

Amma duk waɗannan ba su kai illa guda ɗaya ba, wadda ita ce ta fi damuna: a ajiye likita da maganin zafi a riƙe cokali. Doki dabba ce da ke ɓoye ciwo, kuma sandarewar jiki a tsohon doki ba kullum ne take zama amosani ba. Wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na dawakin da suka kai shekara 15 suna da wata cuta ta ƙaramar halittar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ke rikita sinadaran jiki ta kuma jawo kumburin cikin kofato. Dokin da wannan kumburi ya fara kamawa yana taku a hankali kamar mai amosani, yana ƙin juyawa a kan ƙasa mai tauri. Idan aka dafa kofaton za a ji ɗumi, idan aka sa yatsa a bayan idon sawu za a ji jijiya tana bugawa da ƙarfi, idan abin ya yi nisa kuma sai a ga ya miƙa ƙafafun gaba ya zauna a kan na baya don ya sauke musu nauyi. A wannan hali kowace rana tana da muhimmanci, domin ƙashin da ke cikin kofato yana iya juyawa ya nutse, kuma idan ya kai nan sau da yawa sai dai a kashe dokin don a hutar da shi. Cutar nan ta halittar ƙasan ƙwaƙwalwa tana da gwajin jini, tana kuma da magani. Makonni shida da aka yi ana jiran kurkum ya fara aiki suna iya zama su ne suka raba dokin da rayuwarsa.

Wanda ya dage yana son ya gwada kurkum yana da hanyar yin hakan ba tare da ya zalunci dokinsa ba. Likita ya fara duba dokin, ya sa a yi sassarfa da shi a miƙe da kuma a da'ira a kan ƙasa mai tauri, ya lanƙwasa ƙafar na minti ɗaya ya sake ya ga yadda takun ya canza, ya ɗauki hoton ƙashi idan da buƙata, ya ba ɗingishin maki a ma'aunin 0 zuwa 5 da likitocin dawaki ke amfani da shi. A gyara kofato, a rage ƙiba, a sa dokin yana motsi kullum, domin waɗannan an tabbatar da amfaninsu. Sannan a sayi garin da aka gwada aka tabbatar ba shi da dalma, a fara da ƙaramin cokali, kada a sauya wani abu a abinci ko aiki a daidai lokacin. A ɗauki bidiyon takun dokin a wuri ɗaya kafin a fara da kuma bayan wata biyu, a nuna wa wanda bai san wanne ne na farko ba. Idan kuma ana son a rage bute, likita ne zai rage shi yana kallon dokin, ba ranar da aka buɗe robar kurkum ba.

Wannan al'ada tana iya isowa ga masu dawakin hawan Sallah da sukuwa da ƙwallon dawaki a ƙasar Hausa cikin sauƙi, tunda gangamau yana nan a kowace kasuwa kuma ba shi da tsada. Wanda zai saya ya fi masa alheri ya sayi busasshiyar saiwar ya wanke ya niƙa da kansa, maimakon garin da ake aunawa a buɗe wanda ba a san abin da aka cuɗa masa ba. Ya kuma tuna cewa abubuwan da suka fi ramar da dawakinmu su ne tsutsar ciki da cututtukan da kaska ke kawowa da sammore da lalacewar haƙora, kuma gwajin Illinois ya riga ya nuna cewa ko da ninkin abin da cokali ke ɗauka sau da yawa kurkum bai taɓa tsutsa ba. Ɗingishin da ke yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan a dokin da aka fi ciyarwa da dusa da hatsi, musamman idan ƙasusuwan fuskarsa sun fara kumbura, yakan zo ne daga ƙarancin sinadarin kalsiyam, saboda dusa tana cike da fosfaras wanda ke hana jiki amfana da shi. Gyaran wannan shi ne a rage dusa, a ƙara harawar wake ko ta gyaɗa, likitan dabbobi kuma ya auna adadin garin kalsiyam da za a riƙa ƙarawa gwargwadon nauyin dokin.